Haikalin Deogarh: ɗaki ɗaya tal, to ina jama'a ke zama?

Tambaya: Malam, na ga hoton wani tsohon wurin bautar mabiya addinin Hindu mai suna Dashabatara a ƙasar Indiya, an ce yana cikin mafiya tsufa da aka gina da dutse. Abin da ya ɗaure mini kai shi ne ƙanƙantarsa. Ina masu ibada ke zama, kuma me ya sa masana ke ta kambama shi? Daga wani ɗalibin zanen gine-gine a Zariya.

Amsa: Ɗalibi, ka kalli ginin ne da idon wanda ya saba da masallaci, inda ake auna girma da yawan sahu. Shi wannan ba a gina shi don taron jama'a ba. A wurin masu addinin, ɗakin abin bautarsu ne, kuma a irin waɗannan haikalai mai ziyara yakan tsaya a bakin ƙofa ya yi arba da gunkin da ke ciki, ya miƙa hadayarsa ta hannun mai hidimar wurin, sannan ya zagaya ginin ta waje.

Haikalin yana ƙauyen Deogarh a gundumar Lalitpur ta jihar Uttar Pradesh, kusa da kogin Betwa. An gina shi wajajen shekara ta 500 Miladiyya, a ƙarshe-ƙarshen daular Gupta, domin bautar Bishnu, ɗaya daga cikin manyan abubuwan bautar Hindu. Da farko an tayar da dakali mai kusurwa huɗu, kowane gefe kimanin ƙafa 55, da matakala ta kowace fuska. A tsakiyarsa aka ɗora ɗakin, wanda faɗinsa ta waje bai wuce ƙafa 18 da 'yan kai ba, kuma kaurin bango ya cinye kaso mai yawa. Sukan kira irin wannan ɗaki garbagriha, wato ɗakin mahaifa: duhu, babu taga, ƙofa ɗaya, tana kallon yamma. Tonon ƙasa ya nuna cewa akwai ƙananan ɗakunan bauta huɗu a kusurwoyin dakalin, abin da ya sa ake lissafa shi cikin misalai na farko na tsarin ɗakuna biyar.

Tunda a waje ake yin zagayen, can masassaƙa suka zuba gwanintarsu. Mai ziyara yana barin ginin a damansa, don haka daga ƙofa sai ya nufi bangon arewa, inda aka sassaƙa Bishnu bisa tsuntsunsa Garuda ya zo ceton giwar da maciji ya nannaɗe wa ƙafafu a cikin tafki. A gabas akwai Nara da Narayana, masu zuhudu biyu suna zaune ƙarƙashin itatuwa. A kudu kuwa, nan ne sassaƙen da ya fi shahara, kuma a ganina ya cancanta: Bishnu kwance bisa jikin maciji mai kawuna bakwai, matarsa Lakshmi tana riƙe da ƙafarsa, Brahma, wani abin bautar nasu, a sama bisa furen bado. A ƙasansu akwai mutane shida a jere. Masu yi wa baƙi jagora sukan ce 'yan'uwa biyar ne da ake kira Pandaba, jaruman wani tsohon labarin Hindu, da matarsu, amma masana tarihin sassaƙa sun fi karkata ga cewa shaiɗanu biyu ne, Madu da Kaitaba, suna fuskantar makaman Bishnu huɗu da aka ba su siffar mutane. Na fi yarda da wannan, domin tsayuwarsu ta masu shirin faɗa ce.

Ƙofar ma abin tsayawa ce. An kewaye ta da layi-layi na ado, kuma a kusurwoyinta na sama an sanya kogunan Ganga da Yamuna cikin siffar mata, ɗaya bisa dabbar ruwa mai kama da kada, ɗaya bisa kunkuru. A haikalan da suka biyo baya, sai aka sauko da su gindin ƙofa.

Sai batun kambamawa. Gine-ginen dutse da suka riga shi, kamar na Tigawa da haikali na 17 a Sanchi, rufinsu shimfiɗaɗɗe ne. A Deogarh an ɗora hasumiya mai tsukewa a kan ɗakin, wadda suke kira shikara. Yawancinta ya rushe, har masana na saɓani kan ainihin siffarta, amma ragowar ta isa ta nuna inda salon arewacin Indiya ya dosa, salon da ya kai ga dogayen hasumiyoyin haikalan garin Kajuraho bayan kimanin shekara 500.

Sunan Dashabatara, wato bayyana goma ta Bishnu, daga baya aka laƙaba masa. Mutanen yankin Sagar Mar suke ce masa, saboda tafkin da ke gabansa. Baturen Birtaniya mai binciken kayan tarihi, Alexander Cunningham, ya ziyarce shi a shekarun 1870 ya yi rubutu a kansa. Gunkin cikin ɗakin ya daɗe da ɓacewa, wasu allunan dakalin masu labarin Rama da Krishna, biyu daga cikin bayyanar Bishnu goman nan, kuma suna gidan tarihi na ƙasa a Delhi.