Kafaɗa na yi mini zafi in na tura ƙarfe a benci

Tambaya: Malam, barka da aiki. Sati 3 ke nan da na fara ɗaga ƙarfe a wani wurin motsa jiki a Bukoki, nan Yamai. Da na kwanta a benci na tura sai gaban kafaɗata ya ɗauki zafi. In ci gaba, ko in koma dambel, wato gajeren ƙarfen da ake riƙewa da hannu ɗaya?

Amsa: Ƙanena, yawanci wannan zafi daga kwanciyar yake farawa, tun ba a taɓa ƙarfen ba. Matse allunan kafaɗarka biyu su kusanci juna, ka ja su ƙasa wajen ƙugu, ka danne su a benci har ka gama. Kai da ɗuwawu su zauna a benci, tafin ƙafafu su kafu a ƙasa. In allunan suka saki, kan ƙashin dantse yakan zamo gaba ya takura jijiyoyin gabar, zafin da kake ji ke nan.

Sai gwiwar hannu. Sababbi sukan buɗe ta har ta yi layi ɗaya da kafaɗa, wai don ƙirji ya yi faɗi. Rage buɗin ya koma kamar rabin haka. Sauko da sandar ƙarfen a hankali, cikin daƙiƙa 2, ta taɓa ƙasan ƙirji wajen kan nono, ban da wuya, ban da buga ta a ƙirji ta yi tsalle. Ja numfashi kafin saukowa, ka fitar kana turawa. Babban yatsa kuwa dole ya zagaye sandar. Masu ajiye shi gefe ɗaya da sauran yatsu, ga gumin Yamai, wasa suke da maƙogwaronsu.

Doguwar sandar zamani ita kaɗai kilo 20 ce, ta ishi mai koyo. Amma a halin da kake, na fi son ka yi sati 2 da dambel mai kilo 6 zuwa 8 a kowane hannu, tafukan suna ɗan fuskantar juna, domin haka ya fi sauƙi ga kafaɗa. Ɗora su kan cinya kana zaune, ka kwanta tare da su. Kada ka miƙa hannu ƙasa kana kwance ka ɗauko. Tura sau 8 zuwa 12, ka huta minti 2, zagaye 3, kwana 2 ko 3 a sati da hutun kwana ɗaya a tsakani. Dambel na siminti da ake zubawa a gwangwani a gida, a auna su tukuna, da wuya biyu su zo daidai.

In ka koma sanda, ƙari kada ya wuce kilo 2.5 a lokaci guda, kuma sai da mutum tsaye a kanka. Zafin da ke hana barci, ko hana ɗaga hannu sama da kai, ko ya wuce sati 2 bayan gyaran nan, ajiye ƙarfe ka ga likita.