Shago a Sabon Gari, reshe a Samaru: dole sai da rauta?

Tambaya: Assalamu alaikum. Ina sayar da kayan gini a Sabon Garin Zariya, kwanan nan na buɗe reshe a Samaru. Kwamfutocin kowane shago suna ganin juna, amma na Samaru ba sa ganin lissafin da ke Sabon Gari. Wani yaro ya ce sai na sayi rauta biyu. Ashe suwic ɗin da nake da shi bai isa ba?

Amsa: Wa alaikumus salam. Yaron nan bai cuce ka ba, Alhaji. Suwic ɗan gida ne, ya san duk kwamfutar da aka jona masa, amma da an fita ƙofar shago saninsa ya ƙare. Haɗa wurare masu nisa, wato WAN, aikin rauta ne.

Ka taɓa tsayawa a Kwangila ka ga ɗan kamasho da saƙo a hannu? Ya duba rubutun jikin kwali, na Kano ya sa a motar Kano, na Funtuwa a ta Funtuwa, bai bi motar ba. Haka rauta take. Bayani yana tafiya ƙunshi-ƙunshi, kowane ɗauke da adireshin IP, wato lambar kwamfutar da za a kai wa. Ta duba jadawalinta, ta miƙa wa rauta ta gaba, ita ma ta miƙa.

Hanyar da ƙunshin bayanan za su bi tsakanin shagunan ce abin zaɓe. Faiba, wato wayar da ke kai bayani ta hanyar haske, ta fi, in ta iso unguwarku. Rediyo kan dogon ƙarfe yana yi, sai dai dole eriyoyin biyu su hango juna. Tsohuwar VSAT kuwa, wato intanet ta tauraron ɗan Adam, tauraronta na nesa da kusan kilomita 36,000, amsa kan yi jinkirin fiye da rabin daƙiƙa; Starlink da ta shigo Nijeriya a 2023, ita ma ta tauraro ce amma na kusa, ba ta da wannan nawar, amma akwai tsada.

Ni dai da ni ne, rauta biyu masu cin layin intanet biyu zan saya, in haƙa ramin VPN, wato rufaffiyar hanya ta sirri cikin intanet, tsakaninsu don kada wani ya leƙa lissafi. In layi ɗaya ya ɗauke, ta koma ɗayan da kanta.

Ga inda ake yawan tuntuɓe: layin waya na gama-gari ba ya ba ka adireshin da za a same ka daga waje. Ka nema wa shagon Sabon Gari tsayayyen adireshin IP, wanda ba ya canzawa. Kuma ka ɗora rautocin kan inbata, don ba sa jure wasan Nepa.