Ganyen dawa ya share ni a ido, me zan yi?

Tambaya: Salam likita. Shekaranjiya ina girbi ganyen dawa ya share ni a ido, tun daga lokacin sai hawaye yake yi, ina jin kamar yashi a ciki, ko rana ba na iya kallo. Mai kemis ya ba ni maganin ɗigawa amma babu sauƙi.

Amsa: Wa alaikumus salam, sannu ɗan'uwa, Allah ya sawwaƙe. Wannan ya yi kama da ƙarzuwa a kan baƙin ido, wato fatar nan garai-garai da ta rufe shi. Jijiyoyi ne cike da ita, shi ya sa ɗan ƙaramin yanka ma sai ya hana mutum barci.

A asibiti ba wani dogon aiki ba ne. Za a ɗiga maka maganin kashe zafi, a taɓa idon da wata 'yar takarda mai rini ruwan lemu, fuloresin sunansa, sai a haska shuɗin haske, take wurin da ya yanke zai fito kore shar. Sannan a juya fatar idon ta sama, don sau da yawa a can ƙaiƙayi ko ɗan tsinke yake laɓewa yana kartar idon duk ƙiftawar da ka yi.

Ƙaramar ƙarzuwa takan warke cikin kwana 1 zuwa 3 da man ido irin su kuloramfenikol ko tetarasaikilin. Amma taka ita ce ta dame ni, saboda ganye ne, kuma raunin tsirrai yakan shigo da ƙwayar fangas, wato ƙwayar cuta dangin fumfuna, wadda waɗannan magungunan ba sa kashe ta, tana iya zama gyambo ta bar farin tabo a ido har abada. Don Allah ka duba kwalbar da mai kemis ya ba ka, in an rubuta dezametason ko wani sitiroyid (maganin rage kumburi) a jikinta ka dakatar da shi, yana rage ja ne kawai amma ciwon ƙara ci yake yi.

Kar ka murza idon, kar a sa maka nono, ruwan sukari, kwalli ko ruwan ganye, kar kuma ka ɗaure shi da tsumma. Farasitamol da baƙin tabarau za su ɗan taimaka.

Yau ɗin nan ka je wurin likitan ido, kar ka bari sai gobe. In ka ga wani farin ɗigo a baƙin idon ko gani ya fara dishi-dishi, ka nemi babban asibiti kai tsaye, kamar Cibiyar Ido ta Ƙasa da ke Kaduna ko asibitin ido na ECWA a Kano, ka tafi da kwalbar maganin a nuna wa likita.