Amsa ga ƙanwata da mijinta bai taɓa cewa yana sonta ba

Wa alaikumus salam ƙanwata. Kin ce bai rage ki da ci da sha da sutura ba, amma tunda aka kai ki ɗakinsa bai taɓa buɗe baki ya ce yana sonki ba, ko kwalliya kika yi sai dai ya kalla ya kau da kai, har kin fara tunanin ko zaman haƙuri yake dake. Naga wasu sun ce tunda yana cefane shikenan ki gode Allah. Godiya dole ce, amma ni ban tsaya nan ba, ciyarwa ai wajibi ne addini ya ɗora masa ko yana so ko baya so. Abinda babu wanda ya tilasta masa shi za ki duba.

Nawa maigidan haka yake wallahi. Ɗan fari ne, mahaifiyarsa ko sunansa bata faɗa saboda kara, bai taɓa jin babansa ya yaba tuwon gidansu ba, toh mutumin da ya tashi a haka ta ina bakinsa zai iya? Amma zai dawo da ƙullin balangu a takarda ya ɓoye sai yara sun yi barci ya miƙo min, in zazzaɓi ya kwantar da ni shi ke ɗora ruwan wanka ya shirya yara makaranta, kuma duk azumi sai ya kai wa Innata gero da sukari bai faɗa min ba, a bakin ƙannena nake ji. Wannan ba cefane bane.

Duk da haka kar kowa ya ce miki son jin kalma mai daɗi ɗabi'ar 'yan fim ce. Amr bn al-As ya tambayi Annabi (SAW) wa ya fi so cikin mutane, ya ce A'isha, yana cikin Bukhari da Muslim. Kuma akwai hadisin Abu Dawud da Tirmizi cewa in mutum yana son ɗan uwansa ya sanar da shi, balle matar da ke kwana da tashi a gidansa.

Sai dai roƙon yana da lokaci. Ba yana shigowa da gajiyar kasuwa ba, ba kuma da "mijin wance yana mata kaza" ba, wannan kam kin rufe ƙofa. Ki bari ya ci ya huta ki ce Baban wane, ranar da ka ce miyar nan tayi daɗi yini nayi ina murna. Wasu mazan abinda baki ya kasa yatsa na iyawa, ki fara tura masa saƙo a WhatsApp yana wajen aiki, ko "nima haka" ya rubuto ki karɓa a hakan tukuna.

Ke ma ki tambayi kanki, turaren wuta da lalle da kike ta wahala dasu su ne ke isa zuciyarsa? Nawa ko a jikinsa, amma in na ce Allah ya ƙara buɗi a gaban yara, ko na tashi na je na gaida Hajiyarsa ba shi ya ce ba, ranar har waƙa yake a tsakar gida.

In kuma kin duba babu tsaraba, babu sannu in kina ciwo, sai tsawa da wulaƙanci, toh wannan ba kunya bace, ki samu babba mai riƙe sirri a danginki ko nasa ku zauna.