Ɗaliban sakandare a shekarar korona: me ya sa wasu suka ci, wasu aka bar su a baya?

Wa alaikumus salam Hajiya. Kin tambaya yadda aka yi ɗalibai suka ci WAEC a shekarar korona alhali makarantu sun yi watanni a rufe, da kuma abin da ya kamata ki tanadar wa 'yarki da ke SS2 a makarantar kwana idan aka sake rufewa, ko don annoba ko don wani dalili.

Sai an fara duba lokacin da kullen ya faɗo kafin a gane sakamakon. A jihohin Arewa maso Yamma an rufe makarantu daga Litinin 23 ga Maris 2020, da cewa kwana 30 za a yi. A lokacin zango na biyu ya zo ƙarshe. 'Yan SS3 sun kusa gama manhajarsu, an fara JAMB tun 14 ga Maris, kuma da a ranar 6 ga Afrilu za a shiga WAEC. Wato abin da suka rasa bita ce, ba sabon karatu ba. An dawo da su aji ranar 4 ga Agusta, kwanaki kaɗan bayan Babbar Salla, aka zauna Lissafi ranar 17 ga Agusta, aka kammala ranar 12 ga Satumba. Da sakamako ya fito a farkon Nuwamba, kashi 65.24 cikin ɗari na waɗanda suka zauna sun samu kiredit biyar har da Turanci da Lissafi, alhali a 2019 kashi 64.18 ne.

Kada wannan adadi ya kwantar miki da hankali. Ya haɗa ɗan makarantar kuɗi a Legas da ke darasi ta kwamfuta kullum da ɗan ƙauyen da ya yi damina a gona. A cikinsa babu yarinyar da aka aurar a lokacin kulle, babu yaron da ya shiga kasuwa ko gareji bai komo ba, domin wanda ya zauna jarrabawa kaɗai ake ƙirgawa. Kuma a shekarar hukumar ta riƙe sakamakon ɗalibai sama da 200,000 bisa zargin satar amsa. Haka ma kashi 81.7 da aka samu a 2021: an sake kai jarrabawar watan Agusta, makarantu suka tattara ƙarfinsu kan 'yan ajin ƙarshe, ƙananan azuzuwa suka biya kuɗin sabulu. 'Yan SS1, SS2 da ƙaramar sakandare ba su koma ba sai wajen Oktoba, kusan wata 7 ke nan, kuma a wurare da dama an matse zango na uku ko an tsallake shi, aka ciyar da yara gaba. Yaron da bai taɓa ganin darasi ba ya tarar da malami yana ɗora sabon abu a kansa. Don haka mai 'ya a SS2 ta fi mai 'ya a SS3 dalilin damuwa.

To me ya bambanta waɗanda suka yi nasara ta gaskiya? Ba waya mai tsada ba ce, ba kuma yawan littattafai ba. Sun samu mutumin da ke karɓar aikinsu ya duba, ya ja jan biro, ya ce a sake. Jihohi irin su Kaduna, Kano, Legas da Ogun sun sa darussa a rediyo da talabijin, kuma an amfana, musamman a darussan da bayani ya fi yawa, kamar Gwamnati, Tarihi, Addini da Hausa. Amma rediyo ba ya ganin littafin yaro. Ɗaliba za ta saurari darasin Lissafi ta gyaɗa kai, ta ɗauka ta gane, sai an ba ta tambaya ta tsaya a layi na biyu. Ga ɗauke wuta ga mai talabijin, ga malamin ba ya jiran wanda aka aika cefane.

Dalilin da ya sa dubawa ke da wannan nauyi yana cikin yadda ake ba da maki. A Lissafi, takarda ta biyu tambaya 13 ce, a amsa 10 cikin awa biyu da rabi, biyar na farko dole ne. Ana ba da maki ga hanyar da aka bi daban, ga amsa daban. Wanda ya yi aikin a ka ko a kalkuleta ya rubuta amsa kawai ya zubar da makin hanya. Wanda ya gutsure lamba tun a tsakiyar aiki, amsarsa ta ƙarshe za ta kauce. Wanda ya manta ya rubuta mita ko naira a ƙarshe, shi ma an rage masa. Yaro ba ya kama kansa da waɗannan kurakurai, domin idan ya duba bayan littafi ya ga lambarsa ta yi kusa, ya wuce.

Insha'in Turanci ya fi haka muni. Ana son kalmomi 450, kuma maki 50 ne: 10 ga abin da aka faɗa, 10 ga tsari, 20 ga iya sarrafa harshe, 10 ga tsabtar rubutu. A kason ƙarshe kowane kuskuren nahawu, harafi ko alamar rubutu rabin maki yake ci, kuskure 20 ya cinye goman duka. Ɗalibin da ya yi wata huɗu ba ya rubuta komai sai saƙon waya, hannunsa ya yi nauyi, gajerun kalmomin hira sun shige masa. Maganinsa insha'i ɗaya duk mako, da agogo a gaba, minti 50, a kai wa wanda zai ja layi a ƙarƙashin kowane kuskure, a ƙirga, a rubuta adadin a saman takarda. Idan mako ya zagayo a ga ko ya ragu. Ba sai malamin makarantarta ba. Ɗalibin jami'a ko na kwalejin ilimi a unguwa zai iya, kuma a 2020 'yan jami'a suna gida birjik saboda yajin aikin ƙungiyar malaman jami'a, ASUU, da ya ɗauki kusan wata 9.

Idan 'yar kimiyya ce, gwaje-gwaje su ne inda aka fi jin jiki, domin kwana 13 da aka ba 'yan SS3 kafin jarrabawa ba su isa kowa ya riƙe kayan aiki ba. Sai dai rabin makin Fiziks na gwaji yana kan jadawalin sakamakon awo da zanen giraf, kuma wannan ana koyonsa a tsakar gida. A samu zare, a ɗaura ƙaramin noti a bakinsa, a rataya a ƙusa. A auna tsawo santimita 100 daga ƙusa zuwa tsakiyar notin, ba samansa ba. A ja shi gefe kaɗan a saki, a ɗauki lokacin lilo 20 da agogon waya. Zuwa da dawowa shi ne ɗaya, kuma ƙirga na farawa da sifili a lokacin da aka danna agogo. Ya kamata a samu kusan daƙiƙa 40. Idan aka samu 38, an fara ƙirga da ɗaya ne. Idan aka samu 20, ana ƙirga zuwa daban, dawowa daban ne. A maimaita a tsawo 80, 60, 40 da 20, kowanne sau biyu a ɗauki matsakaici, a raba da 20 a samu lokacin lilo ɗaya, a ninka shi da kansa, a zana shi da tsawon zare a takardar giraf. Layi miƙaƙƙe zai fito. A nan ne za ta koyi zaɓen ma'aunin da zai ci fiye da rabin takarda, da rubuta suna da ma'auni a kowane gefe, da zana babban alwatika don fitar da gangaren layi. Waɗannan su ne wuraren da maki ke zubewa duk shekara.

Haɗa asid da alkali na Kemistiri ba na gida ba ne, kada a gwada. Abin da za ta iya shi ne tsarin rubuta sakamako: karatun ma'aunin ruwan na farko da na ƙarshe, kowanne da lamba biyu bayan ɗigo, a yi matsakaici da waɗanda tazararsu ba ta wuce 0.20 ba, sannan lissafin da ke biyo baya. A Bayoloji kuma ta ɗauki ganye, wake ko fara ta zana da fensir mai tsini, layi ɗaya ba a maimaita shi, babu shafa inuwa, layukan suna da rula ba sa haye juna, a sa take da girman zane.

Batun tsarin yini, awa uku na gaskiya sun fi awa takwas na zama da littafi a cinya. Awa ɗaya da rabi bayan sallar asuba ga Lissafi ko abin da ya fi ba ta wuya, sauran bayan la'asar. Asabar a ware ta ga cikakkiyar takarda daga tambayoyin shekarun baya, a zaune a tebur, ba waya, ba tashi. Wannan yana da dalili: jarrabawar 2020 an dunƙule ta cikin mako huɗu, don haka masu dogaro da kwanakin da ke tsakanin takarda da takarda su yi haddar dare ba su samu sarari ba. Ki kuma lura da wani abu da ya cinye 'yan mata da yawa. Yarinyar kwana idan ta dawo gida sai girki, wanki da reno su koma kanta, musamman da azumin shekarar ya faɗo cikin kulle daga ƙarshen Afrilu. Ba wanda ya ce kada ta yi aikin gida, amma ke za ki sanar da mutan gida cewa waɗannan awanni uku ba a kiranta, ko da baƙi aka yi.

Zauren WhatsApp yana aiki idan ƙarami ne, mutum huɗu zuwa shida da malami ɗaya. Malami ya turo tambaya biyar da safe, kowa ya yi a takarda ya ɗauki hoto kafin magariba, gyara ya zo da saƙon murya. Hoto da murya ba sa cin data kamar bidiyo, kuma suna shiga ko sabis ba ƙarfi. Zauren ajin gaba ɗaya mai mutum 80 kan koma wurin gaisuwa da tura amsar juna. Wayar ta zama taki ce, ki ba ta a lokacin aiki ki karɓa.

Rayuwar makaranta bayan an koma ba ta dawo daidai nan take ba. Takunkumi, bokiti mai famfo da sabulu a ƙofar aji, na'urar auna zafin jiki a bakin get, tazara tsakanin kujeru, an dakatar da taron safe, wasanni da ranar ziyara a makarantu da yawa. A lokacin da 'yan ajin ƙarshe kaɗai ke nan, ba da tazara bai yi wuya ba, domin azuzuwa da ɗakunan kwana duk a sake suke. Har an samu waɗanda gwaji ya nuna sun kamu suka rubuta jarrabawarsu a wurin killacewa, kamar yadda ya faru a Gombe. Da kowa ya dawo sai cunkoso ya tilasta raba ɗalibai, wasu safe wasu rana. Abin da iyaye ba su lura da shi ba shi ne rabon nan yana rage lokacin kowane darasi, kuma darasi mai zama biyu a jere na ɗakin gwaje-gwaje shi ake fara yankewa. A Arewa kuma ba a gama farfaɗowa ba aka sace ɗalibai a Ƙanƙara a Disambar 2020, sai Kagara da Jangebe a Fabrairun 2021, aka sake rufe makarantun kwana da dama. Shi ya sa tambayarki ba ta tsufa ba.

Nasara kuma ba a takardar WAEC kaɗai ta tsaya ba. Akwai yaran da suka fito daga kullen da sana'ar ɗinki, sun fara da takunkumin atamfa, wasu da haɗa sabulun ruwa, wasu sun ƙara izifi a hadda. Wanda ya zaunar da ƙannensa yana koya musu ya ribatu sau biyu, domin ba ka sanin ka gane abu sai ka yi wa wani bayaninsa. Idan tana da ƙanwa a ƙaramar sakandare, ki ba ta ita.

Abin da za ki yi tun yanzu, kafin a ji wata sanarwa: ki nemi tsarin darussan zango uku na SS2 daga makaranta, ko hoto ne a waya, don a san abin da aka yi da wanda ya rage. Ki karɓi lambar malaman Lissafi, Turanci da manyan darussanta biyu. Ki tambaya ko ana ajiye makin gwajin aji yadda ya kamata, domin kashi 30 na sakamakon WAEC daga nan yake fitowa, kuma shi ke rikicewa idan zango ya ɓace. Ki gaya mata duk ranar da aka ce a tafi gida, ko an ce mako ɗaya ne, ta kwaso littattafan rubutunta duka, da akwatin kayan lissafi, kalkuleta da littafin giraf. A 2020 yaran kwana da yawa sun bar nasu a loka da zaton wata ɗaya ne, ba su sake ganinsu ba sai bayan wata huɗu ko bakwai, wasu gara da ɗigar ruwan damina sun riga su. Ranar da aka koma kuma, ki sa mai duba mata aiki ya ba ta tambaya 20 daga zangon da aka rasa, inda ta faɗi daga nan lesin zai fara, ba daga inda ajin ya kai ba.