Na Kare Haƙƙin 'Yan Adawa, An Ce Na Yi Wa Jam'iyyata Zagon Ƙasa

TAMBAYA: Assalamu alaikum Malam. Ni ne sakataren jam'iyyarmu a matakin mazaɓa, kuma na daɗe ina yi mata hidima, tun daga manna fasta har tsaron akwati ranar zaɓe. Kwanakin baya aka hana wata jam'iyyar adawa yin taronta, aka kama wasu matasanta aka tsare ba a kai su kotu ba. A taron mazaɓa na tashi na ce wannan bai dace ba, a sake su ko a gurfanar da su. Tun daga ranar shugabanni suka juya mini baya, suna cewa maganar haƙƙin ɗan ƙasa ta 'yan adawa ce, duk wanda ya yi ta ya riga ya sauya sheƙa a zuciyarsa, har an ce za a kai ni gaban kwamitin ladabtarwa. Shin na ci amanar jam'iyya ne? Kuma in zauna ne, ko in fita tun kafin a kore ni?

AMSA: Wa'alaikumus salam ɗan'uwa. Ka kwantar da hankalinka, ba ka ci amanar kowa ba. Zagon ƙasa abu ne sananne ga duk wanda ya yi siyasa: ka yi wa ɗan takarar wata jam'iyya kamfe a ɓoye, ko ka kai masa sirrin gidanku, ko ka karɓi kuɗinsa ka hana mutanenku fitowa ranar zaɓe. Cewa a kai wanda aka kama gaban alƙali ba ya cikin waɗannan. Yarjejeniyar ƙasa da ƙasa kan haƙƙoƙin ɗan ƙasa da na siyasa ta 1966, wadda mafi yawan ƙasashen duniya suka amince da ita, ta ce a sashe na 9 a gaggauta kai wanda aka kama bisa zargin laifi gaban alƙali, ta kuma tabbatar da 'yancin taron lumana a sashe na 21, kuma babu inda ta ce a fara duba katin jam'iyyar da ke aljihunsa.

Abin da ya fi tayar mini da hankali a wasiƙarka shi ne wannan magana da shugabanninka suka yi, cewa haƙƙin ɗan ƙasa batu ne na wata jam'iyya. Kullum sai na ji ta, daga bakin masu mulki da na 'yan adawa, kuma sojojin baka da masu sharhin kafafen sada zumunta, waɗanda ko shafin farko na tsarin mulkin jam'iyyarsu ba su taɓa buɗewa ba, su ne suke ta yayata ta kamar karatu. Ɓangare ɗaya yana cewa mu ne masu kare haƙƙi tun asali, saboda haka duk abin da muka yi daidai ne. Ɗaya ɓangaren yana cewa tun da su ne suke kukan haƙƙi, to mu babu ruwanmu da shi. Dukansu kuskure ɗaya suke yi, kuma tarihi bai goyi bayan ko ɗaya daga cikinsu ba.

A ɗauki Amurka, inda aka fi kowa jayayya a kan wace jam'iyya ce ta 'yanci. Ɗan Rifablikan zai ce maka jam'iyyarsa ce ta Abraham Lincoln, wadda a hannunta aka haramta bauta a 1865, kuma gaskiya ya faɗa. Ɗan Dimokurat zai ce maka shugabansu Lyndon Johnson ne ya sa hannu a dokar haƙƙin ɗan ƙasa ta 1964, wadda ta haramta wariyar launin fata, da dokar 'yancin kaɗa ƙuri'a ta 1965, shi ma gaskiya ya faɗa. Kowannensu ya karanto maka rabin da ya yi masa daɗi, ya rufe littafin. Da za a buɗe sakamakon ƙuri'ar majalisar dattawa a kan dokar 1964, za a tarar sanatoci 73 suka amince, 27 suka ƙi. A cikin 'yan Dimokurat 46 suka amince, 21 suka ƙi, a cikin 'yan Rifablikan kuwa 27 suka amince, 6 suka ƙi. Waɗanda suka yi makonni suna toshe dokar da dogayen jawabai mafi yawansu 'yan jam'iyyar shugaban ƙasa ne daga jihohin kudu, kuma sai da shugaban marasa rinjaye, Everett Dirksen na Rifablikan, ya kawo mutanensa kafin a iya rufe muhawarar. A cikin sanatoci 22 na jihohin kudu goma sha ɗaya da suka taɓa ɓallewa daga Amurka a zamanin Lincoln, mutum ɗaya tak ya amince, wato Ralph Yarborough na Tekzas. Yankin da mutum ya fito, da masu zaɓen da yake jin tsoronsu, su suka raba wannan ƙuri'a fiye da tambarin jam'iyya. A wannan shekarar ce kuma Barry Goldwater, wanda ya ƙi dokar, ya zama ɗan takarar shugaban ƙasa na jam'iyyar Lincoln, shi kuwa Strom Thurmond, wanda ya taɓa yin fiye da sa'o'i 24 a tsaye yana jawabi don hana dokar haƙƙi ta 1957, ya bar Dimokurat ya koma Rifablikan da ra'ayinsa yadda yake. Kafin wannan duka, Franklin Roosevelt, wanda 'yan Dimokurat suke alfahari da shi, shi ne ya ba da umarni a 1942 aka tsare mutane wajen 120,000 'yan asalin Japan a sansanoni, mafi yawansu 'yan ƙasar Amurka ne, kuma Ronald Reagan na Rifablikan ne ya sa hannu a dokar neman gafararsu a 1988. To, a faɗa mini wace jam'iyya ce ta mallaki 'yanci a nan.

Ba ina cewa jam'iyyu ba sa saɓani a kan haƙƙoƙi ba ne. Suna yi, kuma saɓani ne halastacce: ina iyakar 'yancin faɗin albarkacin baki, ko a ware gurabe ga waɗanda aka daɗe ana dannewa, ko gwamnatin tarayya ce ko ta jiha za ta tilasta bin doka. A kan irin waɗannan ka bi ra'ayin jam'iyyarka, ka yi muhawara iya ƙarfinka. Amma hana taro da tsare mutum ba tare da shari'a ba, waɗannan ba sa cikin abin da ake saɓani a kansu, domin su ne sharuɗɗan da suke ba kowace jam'iyya damar wanzuwa, har da taku.

Haɗarin wannan fahimta kuwa ba a kan 'yan adawa kaɗai yake tsayawa ba, kuma wannan ne nake so shugabannin mazaɓarku su ji. A Ghana, gwamnatin jam'iyyar CPP ta Kwame Nkrumah ta kafa doka a 1958 wadda ta ba da damar tsare mutum har shekara biyar ba tare da an kai shi kotu ba, 'yan majalisarta suka amince domin a ganinsu ta abokan hamayya ce. Lalle ta ci abokan hamayyar, domin a kurkukun Nsawam J. B. Danquah ya rasu a 1965. Amma a 1962, bayan harin bam da aka kai wa Nkrumah a Kulungugu, ministan harkokin waje Ako Adjei da ministan yaɗa labarai Tawia Adamafio, manyan 'ya'yan jam'iyyar, su aka kama aka tsare, kuma da kotu ta wanke su a 1963 sai aka cire alƙalin alƙalai, aka sake shari'ar. Ba a banza Hausawa suka ce in za ka gina ramin mugunta, gina shi gajere ba. Ɗan sandan da aka koya wa watsa taron 'yan adawa ba ya manta karatunsa ranar da jam'iyya ta rabu gida biyu, ko ranar da mulki ya koma hannun wasu, kuma sakataren mazaɓa irinka, wanda ba shi da lauya ba shi da ubangida a sama, shi ake fara ɗauka kafin a kai ga manya.

Game da zama ko fita, shawarata ka zauna, kuma kada ka raina kujerarka. A mazaɓa ake riƙe rajistar 'ya'yan jam'iyya, a nan ake fitar da wakilai masu zaɓen fid da gwani, kuma masu danne haƙƙi sun daɗe da sanin haka. A Tekzas, jam'iyyar Dimokurat ta yi shekaru tana hana baƙaƙen fata shiga zaɓen fid da gwani da hujjar cewa wannan harkar cikin gida ce, har sai da kotun ƙoli ta rushe wannan hujja a 1944. Duk lokacin da na ji wani jami'in jam'iyya ya ɓoye rajista a aljihun tebur yana cewa harkar cikin gida ce, wannan shari'a nake tunawa. A Misisipi a 1964, da baƙaƙen fata suka je tarukan jam'iyyar Dimokurat na unguwanni aka rufe musu ƙofa ko aka sauya wurin taron ba sanarwa, sai suka kira nasu tarukan daga ƙasa har matakin jiha, suna bin ƙa'idar jam'iyyar filla-filla, suka tura wakilai 68 babban taron jam'iyyar na ƙasa a Atlantic City, cikinsu har da Fannie Lou Hamer, wadda ta yi rayuwarta tana aikin gonar auduga. An yi musu tayin kujeru biyu suka ƙi, suka koma gida ba su samu abin da suka je nema ba, amma a babban taron 1968 a Shikago tawagar da ta haɗa farare da baƙaƙe aka zaunar a madadin tsohuwar tawagar jihar.

Saboda haka, kafin ranar zaman kwamitin, ka nemi kwafin tsarin mulkin jam'iyyarku ka karanta babin ladabtarwa da kanka, kada ka dogara da abin da shugaba ya ce yana ciki. Ka nemi a ba ka tuhumar a rubuce, da sashen da ake cewa ka saɓa, da isasshen lokacin kare kanka, sannan ka duba matakin da ake ɗaukaka ƙara zuwa gare shi, domin kwamitoci da yawa suna kora da baki ne kawai saboda sun san wanda ake tuhuma ba zai tambayi takarda ba. Tun da kai ne sakatare, ka tabbatar bayanin taron ya ƙunshi ainihin kalmomin da ka faɗa, ka sa waɗanda suka halarta su sa hannu, kada ka ƙara kada ka rage. Ka nisanci kai ƙorafinka Facebook kafin a saurare ka, domin wannan zai ba su laifin da a yanzu ba su da shi. A gaban kwamitin kuma kada ka shiga yabon 'yan adawa ko kare manufofinsu. Ka ce har gobe kana neman a kayar da su a akwati, abin da ka nema kawai shi ne a kai waɗanda aka kama kotu, sannan ka roƙi shugaban kwamitin ya karanto wa mahalarta sashen da ya haramta wa ɗan jam'iyya faɗin haka.