Amsa: Ko ciwon hanjin jaririna na gado ne?

'Yar'uwa, kin ce an yi wa ɗanki tiyata saboda cutar Hirschsprung, kina fargabar ko ƙanensa ma zai zo da ita. Allah ya ƙara masa lafiya.

E, gado yana da hannu a ciki, amma ba kamar yadda ake gadon sikila ba. Tun jariri yana ciki, ƙwayoyin jijiya ke bin hanji daga sama zuwa ƙasa suna zama. Idan suka tsaya ba su kai ƙarshen babban hanji ba, wannan yanki sai ya ƙi sakewa, kashi ya taru a bayansa. Shi ya sa za ki ga jariri ya haura awa 48 bai yi baƙin kashin nan na farko ba, ciki ya kumbura tamau, wani har da koren amai.

Ƙwayar gadon da aka fi kamawa da laifi ita ce wadda ake kira RET, a kan kuromosom na 10 (kuromosom su ne zaren da ke ɗauke da ƙwayoyin gado a jikinmu), sai wata mai suna EDNRB. Sai dai mutum kan ɗauki canjin da ke cikin waɗannan ƙwayoyin gado a jikinsa ya tsufa lafiya lau. Cutar kan sami kusan jariri 1 cikin 5,000, maza sun ninka mata kusan sau 4, kuma ta fi yawa ga yara masu larurar Down, wadda ake haihuwar yaro da ita, take jinkirta girma da koyo.

Ki tambayi likitan da ya yi aikin tsawon hanjin da aka yanke. Idan gajere ne, yiwuwar ta maimaitu ƙarama ce. Idan dogo ne, ko akwai wani a dangi, to ku nemi gwajin ƙwayoyin gado kafin wani cikin.